Shaf ɗin Motar Saje

Masu rubuta tarihi sun ƙarar da tawada mai yawa a kan yaƙe-yaƙe da faɗuwar dauloli. Ni da na koyar da abin da suka rubuta har gashina ya yi fari, na tabbata sun tsallake babi mafi girma, domin 'yancin ɗan Adam bai taɓa rataya a kan takobi ko tuta ba kamar yadda ya rataya a kan wani ƙarfe da bai fi tsawon hannuna ba, wanda ke kwance a bayan tayar gaba ta dama ta motar babanku. Makanikai suna kiransa shaf. Aikinsa ya ɗauko ƙarfin inji ya miƙa wa taya. Na san yadda kuke ba da labarin nan idan kun taru ba na kusa: wai shekarar da Baba ya rasu Mama ta rikice, ta yi faɗa da kowa a kan tsohon ƙarfe. Har jikokina sun haddace shi a haka, sun fi riƙe shi fiye da karatunsu. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda ta shiga ƙarƙashin motar.

Babanku, Saje Yohanna, ya baro aikin soja da abu biyu, ciwon gwiwa da wata farar a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu. Gwiwar ce ta sa ya koya mini tuƙi bayan na ajiye aikin makaranta, yana zaune a gefena yana ba da umarni kamar yana fareti. Ga waɗanda a cikinku ba su taɓa tuƙa abin da ya fi motar zuwa ofis ba, bari in yi bayani. Kusa da babbar giya akwai wata ƙarama, ita ake ja idan ana so ƙafafun gaba su taya na baya aiki. Amma jan giyar kaɗai bai isa ba. A tsakiyar kowace tayar gaba akwai wani ɗan makulli da ake murɗawa da hannu, yana da kibiya. Idan kibiyar ta nuna kulle, shaf ya kama taya ke nan, yana juya ta. Idan ta nuna buɗe, taya tana bin motar ne kawai kamar ta amalanke. Littafin motar ya ce a buɗe su a kan kwalta, a kulle su a taɓo. Saje ya karanta wannan shafin sau ɗaya, ya ga bai dace da shi ba.

"Ni ba zan tsaya a tsakiyar taɓo in sauka ina murɗe-murɗe kamar mai neman tasha a rediyo ba," in ji shi. "A kulle suke, a kulle za su zauna."

A kulle kuwa suka zauna, rani da damina, har ya bar duniya. Ban taɓa sa musu hannu ba, ban ma ɗauke su a matsayin abin da ake taɓawa ba.

Motar ba don ado aka saye ta ba, don gona ce. Kun san gonar, tana can bisa dutse bayan Dabai, inda hanya ke ƙarewa a bakin rafi, sai wani hawa mai duwatsu da awaki ma ke tunani kafin su bi. Gonar mahaifina ce. A cikinta babanku ya yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa uban budurwa shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Na san a zamaninku saƙon waya ake turawa, amma ni da garma aka neme ni, kuma ban ga wadda ta fi ni tsada a cikin surukaina ba. Ko bayan ya shiga soja, da hutun daminarsa yake zuwa ya cika abin da ya rage. A gidanmu mace ba ta gadon ƙasa, don haka da mahaifina ya tsufa sai ya kira Saje a gaban dattawa ya ce masa:

"Muddin fartanyar gidanka tana shiga gonar nan, taka ce. Daminar da ta wuce ba ta shiga ba, ta koma wa masu ita."

Masu ita a lokacin da nake ba ku labari su ne Ango, ɗan ƙanen mahaifina, mutum mai haƙuri da yawan 'ya'ya maza. Ba ni da abin zargi a kansa. Dokar a bayyane take, shi dai ya iya jira.

Saje ya rasu da rani, bayan Kirsimeti. Ana sauran 'yan makonni a shiga damina motar ta fara magana. Ina dawowa daga coci, na karya kwana wajen kasuwa, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas daga gaba ta dama, kamar ana tauna ƙashi. Idan na miƙe hanya ta yi shiru, idan na karya sitiyari ta dawo. Na leƙa na ga robar da ke rufe gaɓar shaf ta yage, man giris da ke ciki ya fice, yashi ya shiga ya yi gida. Ƙarfe ne da ya shekara goma sha wani abu yana juyawa ko ana bukatarsa ko ba a bukata, saboda wani soja ba ya son sauka daga mota.

A wannan makon Iliya, babban ɗana, ya zo Ista daga Kaduna. Iliya, ina so ka karanta wannan wurin a zaune. Ka zo da buhun shinkafa da magana a shirye. Bayan abincin rana ka gyara murya irin ta babanka ka ce:

"Mama, mun yi shawara da ƙannena. An gyara miki ɗaki a wajena. Ki bar gonar nan haka."

"Kun yi shawara," na ce. "Ni kuwa ina ina?"

"Mama, kina jin abin da ke faruwa wajen Wasagu. Mutane suna barin gonakinsu. Ke kaɗai, da shekarunki, a kan dutse?"

"Dabai ba Wasagu ba ce. Ni na koya maka taswira."

"Masu bindiga ba sa duba taswira, Mama."

Wannan amsa ce mai kyau, na ba ka makinta a zuciyata, ko da yake ban nuna ba. Ban taɓa cewa tsoronka ƙarya ba ne. A shekarun nan kowa a ƙasar Zuru ya san gidan da aka yi kuka. Abin da na ce maka shi ne, in ranar gudu ta zo zan gudu da ƙafata, amma ba zan gudu tun ba a kore ni ba, in bar wa Ango gumin babanka ya ce na ba shi. Washegari ka karɓi makullin motar da fara'a, ka ce bari ka kai ta a gyara mini wannan ƙarar kafin ka koma. Na yi murna har na soya maka gyaɗa ta hanya. Da yamma motar ta dawo shiru kamar ɗalibin da aka yi wa faɗa. Ka tafi Kaduna, ni kuma na zauna ina yabonka a wajen maƙwabta.

Wanda ya tona asirin shi ne Nasiru bakanike, kuma bai buɗe baki ba. Nasiru ɗalibina ne tun yana aji uku. Yanzu yana da furfura da gareji nasa da mata biyu, amma duk inda ya hango ni sai ya cire hula ya rusuna. Ranar kasuwa na hango shi wajen masu tumatir, shi ma ya hango ni, sai ya juya ya shiga layin masu sayar da ɗankunne yana taya abin da ba shi da niyyar saye. Na yi shekaru masu yawa ina kallon bayan yaran da ba su yi aikin gida ba. Ban saya tumatir ɗin ba, na wuce garejinsa na zauna a kan benci na jira shi. A jikin bango, cikin tarin ƙarafa, ga wani shaf mai yagaggiyar roba yana jingine.

Da ya shigo ya gan ni, sai da ya kalli ƙofa.

"Malama, barka da rana."

"Nasiru, wannan na waye?"

"Na wata mota ne, Malama."

"Wace mota?"

Ya murza hularsa a hannu. "Taki ce, Malama."

"To me ka sa a madadinsa?"

"Ba a sa komai ba. An toshe ramin ne. Ai haka ake yi a nan, Malama. In shaf ɗin gaba ya ci, sai a zare shi a huta, mota ta ci gaba da tafiya da ƙafafun baya. Rabin a-kori-kurar garin nan haka suke yawo. Coci, kasuwa, asibiti, duk za ta kai ki lafiya lau. Dutse ne kawai ba za ta hau ba. Mu a nan cewa muke an yi mata ritaya."

"Ni ma an yi mini ritaya, Nasiru, amma ba wanda ya zare mini ƙafa."

Daga nan sauran ya fito da kansa. Ya ce shi ya ba da shawarar a buɗe makullan tayoyin kawai, ƙarar za ta tsaya, amma Iliya ya ce a'a, Mama tana karanta duk abin da aka rubuta, har takardar ƙunshin ƙosai, za ta buɗe littafin motar ta gano ta kulle abinta. A zare ƙarfen gaba ɗaya. Ya kuma sa Nasiru ya yi alkawarin ba zai mayar da wani ba. Ban taɓa jin an yabe ni an cuce ni a jimla ɗaya da ƙwarewa irin wannan ba.

Na kira Kaduna daga kan bencin.

"Iliya, ina garejin Nasiru."

Ka ce, "Mama, don ke na yi."

"Na sani. Da don kanka ka yi, da na fi saurin yafewa."

"In kika mayar da ƙarfen nan, Mama, ni na cire hannuna. Duk abin da ya faru a kan dutsen nan kada a kira ni."

"Ba za a kira ka ba. Ka gaida yara."

Na kashe wayar.

Labari a Zuru ba ya jiran mota. Kwana kaɗan bayan haka Ango ya zo gaisuwa da zakara a hammata. Muka zauna a zaure muka yi yarenmu na C'lela, domin akwai maganganun da Hausa ta yi musu laushi. Ya tambayi lafiyar gwiwata, ya yabi marigayi, ya ce ya ji motar ta daina hawan dutse, abin ya dame shi ƙwarai.

"Yaya, kada ki wahalar da kanki bana," ya ce. "Yarana suna nan zaune ba aikin yi. Su nome ta, in an yi girbi a kawo miki na tuwo."

"Da fartanyar wane gida za su nome ta?"

"Ai duk gida ɗaya ne, Yaya."

"Da gida ɗaya ne, da Baba bai tara dattawa ba."

Ya yi dariya, na yi dariya. Na karɓi zakaran, domin zakara ba shi da laifi.

Mai sayar da kayan mota a garin nan da za a iya dogara da shi shi ne Chidi, wanda ya zo daga gabas yana saurayi, yanzu Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yana. Na naɗe tsohon shaf a tsohon zane na kai masa shago kamar mai kai jariri awo. Ya buɗe ya duba, ya girgiza kai.

"Mama Saje, ɗanki ya riga ki. Ya kira ni jiya, ya ce in kin zo in ce babu."

"To me ka ce masa?"

"Na ce masa ni ɗan kasuwa ne, ba ɗan gidanku ba. Amma gaskiya babu ɗin. Sai na aika a kawo."

"Daga ina?"

"Kaduna."

Na ce ya aika. Ya faranta mini rai ƙwarai in san cewa ƙarfen zai taso daga garin da aka hana shi. Sai dai na farko da ya iso ba namu ba ne. Muka jera shi da tsohon a kan tebur, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, amma haƙoran bakinsa sun fi na tsohon ƙanƙanta, na wata ƙanwar motar ne. Chidi ya ce a gwada ko zai shiga da ɗan bugu. Na ce masa na ga yaran da aka tura aji da ɗan bugu, na kuma ga yadda suka ƙare. Aka mayar. Ana cikin jiran na biyu ruwa ya sauka sosai. Maƙwabta suka yi shuka, dawarsu ta fara huda ƙasa. Kullum da safe in fito in kalli dutsen Dabai ya yi kore, in koma ciki. Wata mata daga can ta gaya mini an ga yaran Ango suna zagaya iyakar gonar, hannu a baya, kamar masu duba ɗakin haya. Na yi tunanin hawa babur, amma babur ba ya ɗaukar taki da iri da masu aiki, ƙuguna kuma ya daina karɓar irin wannan wasa. Ba kuma zan je gonar Saje a goye a bayan wani ba, alhali motarsa na tsaye a ƙofar gida.

Na biyu ya iso ranar wata Alhamis, haƙoransa daidai. Na aika wa Nasiru. Ya aiko da amsa cewa yana gaishe ni, amma ya yi wa Iliya alkawari, kuma alkawari ni na koya masa riƙe shi. Wannan ita ce matsalar koyarwa, wani lokaci yaran suna ji.

Saboda haka da safiyar Juma'a na buɗe akwatin Saje na sa tsohon kakinsa, na naɗe ƙafafun wandon. Na fito da jak da sifanu da littafin motar. Ban shigar da motar cikin gida ba. A ƙofar gida na bar ta, bakin titi, inda duk mai zuwa kasuwa sai ya wuce. Na sa duwatsu a bayan tayoyi. Notocin taya sun ƙi motsi da hannu, sai na sa sifana na hau kanta da ƙafa ina riƙe da madubi, suka saki ɗaya bayan ɗaya suna kuka. Na ɗaga motar da jak, na mirgino tsohon turmi na tokare ta don kada ta sauko a kaina. Na shimfiɗa tabarma. Sannan, a gaban jama'ar da ta riga ta fara taruwa, shugabar makaranta mai ritaya, wadda ta koyar da rabin masu kallon, ta kwanta rigingine ta shige ƙarƙashin a-kori-kura.

Gaskiyar magana, ban san abin da zan yi a can ba bayan kwanciyar. Amma na san garinmu. Na ji muryoyi a sama.

"Wai ba ta da 'ya'ya ne?"

"Tana da su, suna Kaduna."

"Ina Nasiru? Ba ita ta koya masa ABCD ba?"

"Kai, wannan abin kunya ne ga garin nan duka."

Ban daɗe ba na ga takalman roba biyu masu baƙin mai sun tsaya a gefen tabarma, mai su yana haki.

"Malama, don girman Allah ki fito. Tun daga gareji ake tsine mini."

"Aiki ka zo ko kallo?"

"Malama, alkawarin..."

"Ka yi alkawarin ba za ka sa ba. Ni zan sa. Kai hannu kawai za ka ara mini, ni ce mai umarni."

Ya yi ɗan tunani, ya ga ƙofar da na buɗe masa ta ishi mutum ya wuce. Ya taimaka mini na fito, aka kawo mini kujera, na zauna da littafin a cinya da tabarau a hanci. Abin da ya biyo baya shi ne shifta mafi daɗi da na taɓa bayarwa. Ina karantawa da Turanci ina juyawa da Hausa, shi yana aikatawa, ko da yake na lura hannunsa yakan riga bakina isa wurin, sai ya tsaya ya jira ni don ladabi. Ya cire murfin makullin taya, ya zare wani ɗan zobe siriri da ke riƙe bakin shaf. Ya kwance gaɓar ƙasa, ya ture gindin tayar gefe kamar ƙofa. Ya ciro abin da ya toshe ramin da shi, baƙin mai ya biyo baya yana wari. Sannan ya ɗauko sabon, robarsa baƙa wuluk tana sheƙi, ya saita bakinsa a ramin.

"Malama, ke kika ce za ki sa."

Na sauka daga kujera na durƙusa, na kama ƙarfen da hannu biyu na tura. Ya ƙi. Nasiru ya ce in ɗan juya shi haƙora su sami juna. Na juya, na sake turawa da duk abin da ya rage mini na ƙarfi, sai na ji ƙas, guda ɗaya tak, mai tsabta, ya zauna. Wata tsohuwa a cikin taron ta rangaɗa guɗa. Na koma kujerata ba tare da na nuna cewa bayana ya riƙe ba, na ci gaba da karatu: a zura ɗaya bakin cikin gindin taya, a mayar da zobe, a shafa giris, a saita makulli a kan buɗe kafin a mayar da murfinsa, a ɗaure notoci bi da bi, a cika man da ya zube. Ya yi duka yadda na faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Ya gama ya wanke hannu ya tafi masallaci, ya ƙi ko shan ruwa, wai kada a ce ya yi aiki.

Daren nan aka kwana ana ruwa. Da safe na loda buhunan taki da irin dawa da fartanyoyi, na ɗauki mata shida daga cocinmu waɗanda suka ce ko don su ga ƙarshen abin za su je. Muka wuce Dabai muka isa bakin rafi. Ango yana nan tsaye a gindin wata ɗorawa da yaransa, kowa da fartanya a kafaɗa. Ya ce sun fito shan iska ne. Na gaishe shi ta taga. Sannan na taka kuloci, na kama ƙaramar giya na ja ta har ƙarshe. Wata 'yar koriyar fitila ta kama a gabana, mai hoton tayoyi huɗu. Na ce a raina, Saje, ka riƙe gwiwarka.

Motar ta shiga rafi ta fita tana zubar da ruwa. Ta kama hawan a hankali, inji yana gurnani, duwatsu suna tsalle daga ƙarƙashinta. A tsakiyar hawan, inda jar ƙasa ta zama kamar kunu, ta yi zamiya gefe, bayanta ya leƙa kwari. Matan da ke baya, waɗanda suka taso da waƙa, suka koma addu'a, kowace da yarenta. Ban ɗaga ƙafa daga totur ba. Na tuna ƙarfen da na tura da hannuna, na ce masa yau ranarka ce. Ta yi kamar za ta tsaya, ta tono taɓo ta watsa sama, sannan ta cafki dutse ta haye. Da muka fito fili na ga kukar da ke bakin gonar, sai na kashe mota na zauna ɗan lokaci ina kallon sitiyari, don akwai abin da ya shiga mini ido.

Ni na fara sara. Da fartanyar Saje, mai ƙotar da ta lotsa daidai tafin hannunsa. Muna cikin layi na uku Ango ya iso a ƙafa, shi kaɗai, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya tsaya a iyaka bai tako ciki ba. Ya dubi motar, ya dubi ramukan shuka.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Sannu da shan iska, Ango."

Ya juya ya sauka. Bai sake tayar da maganar ba, kuma ranar girbi na aika masa da na tuwo.

Abin bai zo kyauta ba. Iliya bai zo Kirsimetin shekarar ba, bai kuma turo yaran ba. Na dafa abincin mutum goma na ci da maƙwabta. Sai da damina ta sake zagayowa kafin ya kira, kuma da ya kira, lafiyar gwiwata ya tambaya, kamar Ango. Har yau ba mu yi maganar a fili ba, shi ya sa nake rubuta ta. Ban nemi gafara ba, ba kuma zan nema ba. Ɗa yana da ikon ya ji tsoro saboda uwarsa, yana da ikon ya roƙe ta, ya yi fushi, ya ƙi zuwa Kirsimeti. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya shiga ƙarƙashin rayuwarta ya zare wani abu a ɓoye, ya dawo mata da makulli yana murmushi. In kuna so in daina hawan dutse, ku zo ku zauna a gabana ku kayar da ni da hujja. Na tsufa, wataƙila ku yi nasara. Amma muddin ina da rai, ni zan faɗi inda motar nan za ta iya zuwa da inda ba za ta iya ba, kuma gonar da babanku ya biya da bayansa tana hannun gidansa har yau saboda na ƙi yarda a yi wa ƙafafun gaba ritaya.

Saura abu ɗaya, don tarihi ya cika. Ranar Litinin bayan hawan nan na ɗebi ruwa a bokiti ina wanke taɓon da ya bushe a tayoyin gaba. Da na goge tsakiyar ta dama, kibiyar ɗan makullin ta fito, tana nuna inda na karanta wa Nasiru ya saita ta. Na zagaya ta hagu, ita ma ya daidaita ta da 'yar'uwarta. Duka biyun a buɗe suke. Da ƙafafun baya kaɗai na hau dutsen.